Ƙarfe Ba Hayaƙi: Gwajin Suwidin da Tanderun Ajaokuta

Sharhinmu na yau a kan ƙarfe yake: rodin da ke cikin ginshiƙin gida, kwanon rufi, ƙusa, garma, gada, da motar da ta kai ka kasuwa. Duniya na samar da kimanin tan biliyan 1.9 na ƙarfe kowace shekara, fiye da rabi daga ƙasar Sin kaɗai. Wannan sana'a guda ita ke fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Ka haɗa jiragen sama da jiragen ruwa na duniya kaf, ba su kamo ƙafarta ba. Shi ya sa manyan masana'antu suka duƙufa neman hanyar fitar da ƙarfe daga tama ba tare da kwal ba. Za mu je arewacin Suwidin inda aka gwada abin ya yiwu, mu ga inda ya cije, sannan mu dawo gida, domin maganar ta taɓa Ajaokuta kai tsaye.

Da yawa na zaton hayaƙin daga wutar da ake hurawa ne kawai, wai da an sauya makamashi shi ke nan. Abin ya wuce nan. Tama, dutsen nan ja ko baƙi da ake haƙowa, ƙarfe ne da iskar oksijin ta riƙe gam. Tsatsa ce da ta daɗe kwance a cikin ƙasa. Mai son ƙarfe dole ya raba su, ita kuwa oksijin ba ta saki sai an kawo mata abin da ta fi so. Kabon da ke cikin gawayi da kwal shi ne wannan abu. In zafi ya kai, sai oksijin ta bar ƙarfen ta bi kabon, su tashi sama tare, su zama hayaƙin da ake kuka da shi. Ke nan ko da zafin rana ka dafa tama, ko da lantarki, sai ka nemo mai ɗauke oksijin. Nan gizo ke saƙar.

Kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya a dogon tanderu ake yin sa. Gini ne mai tsayin mita 30 ko fiye, an jere cikinsa da tubalin da ke jure wuta. Ta sama ake zuba tama, da farin dutsen nan da ake siminti da shi, da gasasshen kwal, hawa-hawa. Ta ƙasa kuma ana hura iska mai zafin digiri 1,200. Ƙarfe na narkewa ya gangaro, kashinsa na tasowa a kai, a huda a tsiyaye kowanne daban. Daga nan a kai ruwan ƙarfen wata tukunya a busa masa oksijin don rage kabon da ya sha, ya zama irin wanda ake lanƙwasawa bai karye ba. Kowane tan ɗaya na cin kwal wajen kilo 780, ya saki hayaƙi tan 2.3. Wato hayaƙin ya ninka ƙarfen nauyi har da ɗoriya.

Ba kuma kowane kwal ke yi ba. Sai irin wanda in an gasa shi a rufe yake dunƙulewa ya yi tauri, ya ɗauki nauyin tamar da ke kansa ba tare da ya murƙushe ya toshe hanyar iska ba. Wani Bature mai suna Abraham Darby ne ya fara cin nasarar wannan a Ingila a 1709. Ku riƙe maganar kwal ɗin nan, za mu dawo kanta. Sannan shi wannan tanderu in an kunna ba a kashewa. Dare da rana yake ci, shekara 15 zuwa 20, sai tubalinsa ya cinye a sake jerawa. Duk ƙasar da ta hura shi yau ta ɗaure kanta da kwal har yaran da ke goye su isa aure.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. A Taruga, ba nisa da Abuja, an tono tanderun mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. A gindin Dutsen Dala ana aikin tama tun wajen ƙarni na 7, labarin kafuwar Kano ma da maƙera yake farawa. Tanderunsu na yumɓu ne, makamashinsu gawayin itace mai tauri irin ƙirya, zafin kuma bai kai ya mai da ƙarfe ruwa ba. Ƙarfen na rabuwa da oksijin yana sandare, a fasa tanderun a jawo wani curi mai huji-huji cakuɗe da kashi, maƙeri ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har ya tsarkaka. Dalilin kawo wannan shi ne, sabuwar hanyar da Turawa ke zuba wa biliyoyi tushenta ke nan: a raba tama da oksijin ba tare da an narkar da ita ba. Mai ɗauke oksijin ɗin ne kawai aka sauya. Na kakanni itatuwa ya ci, kuma babu dajin da zai ciyar da duniyar da ke neman tan biliyan 1.9.

A 2016 kamfanoni uku na Suwidin suka haɗa kai: LKAB mai haƙar tama, SSAB mai narka ƙarfe, da Vattenfall mai wutar lantarki. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Suka sa wa shirin suna HYBRIT. Dabararsu ita ce a janye kabon a tura iskar haidurojin a madadinsa. Ita ma oksijin na son ta, in sun haɗu kuwa ruwa suke zama, sai tanderun da ya saba aman hayaƙi ya koma fitar da tururi. Haidurojin ɗin ma daga ruwa ake samo ta: a ratsa shi da lantarki ya rabu gida biyu, a kwashi wadda ake so.

A garin Luleya, can kusa da yankin da rana kan ƙi faɗuwa a tsakiyar shekara, suka gina ƙaramar masana'antar gwaji, aka buɗe ta a ƙarshen Agustan 2020. Ana niƙa tama a tace, a dunƙula ta 'yan ƙwallaye masu girman gujiya, a zuba ta saman hasumiya, haidurojin mai zafi na hawowa daga ƙasa tana ratsa su. Ƙwallayen na fitowa da siffarsu yadda suka shiga, sai dai sun rasa fiye da rubu'in nauyinsu, jikinsu duk ƙananan ramuka inda oksijin ta fice. Soson ƙarfe 'yan sana'ar ke ce masa. Sai a juye shi a tukunyar lantarki ta narkar. A Agustan 2021 aka miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko da aka yi ta wannan hanya, bayan wata biyu Volvo ya nuna motar ɗaukar kaya a mahaƙa da aka ƙera da shi. Zuwa 2024 masana'antar gwajin ta fitar da fiye da tan 5,000. Har rumbu suka fafe a cikin dutse, mita 30 ƙarƙashin ƙasa, suna tara haidurojin lokacin da wuta ke araha, su zuƙo lokacin da ta yi tsada. A lissafinsu, in SSAB ya sauya dukkan tanderunsa, hayaƙin da Suwidin ke fitarwa zai ragu da kashi 10 cikin 100, na maƙwabciyarta Finlan da kashi 7. Gardamar ko abin zai yiwu ta ƙare a Luleya.

To amma tan 5,000 duniya na narka shi cikin ƙasa da minti biyu. Me ya hana a faɗaɗa? Wuta. Mai sauraro, ɗauko alƙalami mu yi lissafin tare. Tan ɗaya na ƙarfe na son haidurojin kilo 50 zuwa 60. Kowane kilo na cin lantarki yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin nan da kake saye ka loda a mita. In an haɗa da tukunyar narkawa, tan ɗaya na lashe yunit wajen 3,500. Masana'antar da za ta yi tan miliyan 1 a shekara tana buƙatar megawat 400 a tsaye, dare da rana, ba ɗaukewa. Madatsar Kainji, in duk injinanta sun tashi, megawat 760 take bayarwa. Wutar da ake rarraba wa Najeriya gaba ɗaya yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Su kansu mutanen Suwidin, a 2020 kamfanin LKAB ya ce in zai mai da dukkan tamarsa soson ƙarfe, sai ya cinye kwatankwacin sulusin wutar da ƙasar ke samarwa. Kuma dole wutar ta fito daga ruwa ko iska ko rana ko nukiliya. In ka ƙona kwal ka yi lantarki, ka yi haidurojin da lantarkin, hayaƙinka ya fi na tsohon tanderu yawa. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya sa arewacin Suwidin ya iya gwadawa, Allah ya tara masa kayan a wuri ɗaya. Ga koguna da aka daɗe da datsewa, ga iska, ga tama mai kyau a Kiruna da Malmberget, inda LKAB ke haƙo wajen kashi 80 cikin 100 na tamar Tarayyar Turai. Ramin Kiruna ya ci ƙarƙashin garin har sai da aka fara tayar da garin kansa. A Agustan 2025 aka ɗora tsohuwar majami'arsu ɗungurungum a kan tayoyi aka ja ta kilomita 5. Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, makiyayan ƙabilar Sami masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara. Kukansu shi ne mahaƙa da layukan wuta da dogayen fankoki na yanke musu burtali. Duk wanda ya san rikicin burtali a ƙasarmu ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Daga 2024 zuwa yau iskar ta juya. LKAB ya ɗage babbar masana'antar da ya yi niyyar ginawa a yankin Malmberget. A garin Boden wani sabon kamfani, Stegra, na gina masana'antar tan miliyan 2.5 a shekara. Ya tara yuro biliyan 6.5, amma kafin ƙarshen 2025 ya koma wajen masu zuba jari yana neman ƙarin kusan biliyan ɗaya. A Jamus, cikin Yunin 2025, ArcelorMittal ya ajiye shirinsa na Bremen da Eisenhüttenstadt, ya bar tallafin gwamnati na yuro biliyan 1.3 a kan tebur, ya ce tsadar wuta da ta haidurojin ba za su bari a ci riba ba. Ka ga kamfani ya ƙi kuɗin da aka miƙo masa kyauta, ka san lissafin bai fita ba. A Birtaniya kuwa, a Satumban 2024 Tata Steel ya kashe tanderunsa na ƙarshe a Port Talbot don komawa narka tsofaffin ƙarafa da lantarki, ma'aikata wajen 2,800 suka rasa abin yi. Su hayaƙi ya ragu musu tare da tuwo.

Tun 2018 masu HYBRIT suka ƙiyasta cewa ƙarfensu zai ɗara na kwal tsada da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ga mai ƙera mota wannan ba komai ba ne: ƙarfen da ke jikin mota bai cika wuce tan ɗaya ba, 'yan ɗaruruwan daloli za su hau kan farashin, mai sayen sabuwar Volvo ba zai ma lura ba. Shi ya sa kamfanonin motoci ne suka fara layi. Amma je ka Ƙofar Ruwa a Kano ka gaya wa mai ginin da ke ƙirga rodi ɗaya-ɗaya, yana ciniki kan kowane sanda, cewa ya ƙara kashi 30 don ceton duniya, ka ji amsar da zai ba ka. Kuma rabin ƙarfen duniya gini da hanya da gada yake tafiya.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba. Dogon tanderu ba ya tsangwamar tama, domin in komai ya narke datti na tasowa a kwashe. Hanyar soson ƙarfe kuwa tsabta take so, tamar da ƙarfen cikinta ya kai wajen kashi 67 cikin 100. Irin wannan ba ta fi kashi 4 ko 5 na abin da ke yawo a kasuwar duniya ba. Ostireliya, wadda ta fi kowa sayar da tama, yawancin tata na ƙasa da haka. Wannan ne ya ƙara wa dutsen Simandou na ƙasar Gini daraja, wanda aka fara fitar da tamarsa a ƙarshen 2025, mai kashi 65 ko kusa. Kuma da yake jigilar haidurojin a jirgi wahala ce da tsada, tunanin da ke ƙara karɓuwa shi ne a yi soson ƙarfen a inda rana da iska da tama suke, a matse shi dunƙule-dunƙule, a loda a jirgi. A Afrilun 2025 Namibiya ta buɗe wata ƙaramar masana'anta mai suna Oshivela a cikin hamada, mai aiki da hasken rana, za ta riƙa yin tan 15,000 a shekara. Ƙarama ce ƙwarai, amma ita ce ta farko irinta a Afirka.

Yanzu mu dawo gida. A 1979 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet don gina Ajaokuta, Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. Matakin farko tan miliyan 1.3 a shekara. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Ana ƙiyasin an kashe fiye da dala biliyan 8, ga dala miliyan 496 da gwamnati ta amince ta biya a 2022 don kashe rigimar da ta biyo bayan jinginar da kamfanin. Injinan mulmula rodi sun ɗan yi aiki jefi-jefi da ɗanyen ƙarfen da aka sayo, amma dogon tanderun, wanda shi ne zuciyar wurin, ba a taɓa hura shi ba ko sau ɗaya. A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa ƙarafa, a Satumban 2024 aka sake rattaba takardar fahimtar juna da Rashawa. Kowace gwamnati ta zo sai ta ɗauki alkawarin kunna shi.

Tambayar da ba a cika yi ba: da wane kwal? Na ce ku riƙe maganar. Kwal ɗin Inugu ba ya dunƙulewa. Na yankin Lafiya da Obi a Nasarawa yana yi, amma toka da farar wuta sun yi masa yawa. Ke nan ranar da aka kunna Ajaokuta, ranar za a fara neman dala ana sayo kwal daga ƙetare, a sauke a tashar ruwa, a jawo shi ɗaruruwan kilomita, kowane wata, ba fashi, shekara 15 ko 20. Jirgi ɗaya ya makara, ko dala ta yi wuya, ƙarfe ya daskare a cikin tanderu, gyara ya koma sabo. Mu da muka san yadda man fetur ke ɓacewa a gidajen mai, mu ne za mu ɗauki wannan amana?

Abin takaicin shi ne ɗayar hanyar mun taɓa riƙe ta a hannu. A 1982 aka buɗe kamfanin ƙarafa na Delta a Aladja, kusa da Warri, mai ƙarfin tan miliyan 1 a shekara. Babu dogon tanderu a Aladja. Hasumiyar soson ƙarfe ce ƙirar Midrex, mai aiki da iskar gas, sai tukwanen lantarki a bayanta. Tsari ɗaya da na Luleya in ka cire tushen iskar. Shi gas in an fasa shi da zafi kafin a tura cikin hasumiya, fiye da rabin abin da ke fitowa haidurojin ce. Hayaƙin wannan hanya wajen tan 1.4 ne a kowane tan, maimakon 2.3, kuma hasumiyoyin da ake ginawa yanzu ana iya ƙara musu haidurojin sannu a hankali yayin da ta samu. Aladja shi ke ciyar da kamfanonin mulmula ƙarafa uku, Katsina da Jos da Oshogbo, kowanne tan 210,000 a shekara. Dattawan Katsina ba su manta tirelolin da ke kawo sandunan ɗanyen ƙarfe daga Warri ba, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan kwalta. Kamfanin Kobe Steel na Japan da ya gina na Katsina, shi ne ma ya sayi Midrex a 1983.

Aladja bai taɓa kaiwa ko rabin ƙarfinsa ba. Tamarsa daga Laberiya da Barazil ake sayowa, domin layin dogon da zai kawo ta Itakpe an fara shi a 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020. Dala ta yi wuya, wuta ba ta tsaya ba, riƙon sakainar kashi ya ƙarasa sauran. Da Aladja ya durƙushe, Katsina da Jos da Oshogbo suka bi shi. A daidai wannan lokaci Masar da Libiya sun riƙe irin wannan fasaha suna cin moriya, Aljeriya ta shigo daga baya ta kafa manya a Oran da Jijel, yau tana sayar wa ƙasashen waje ƙarfe. Iran, duk da takunkumi, ita ce ta biyu a duniya wajen soson ƙarfe bayan Indiya. Laifin ba na fasahar ba ne.

Najeriya na da gas da aka tabbatar fiye da ƙafa kubik tiriliyan 200, har yau ana ƙona wani a banza a Neja Delta. Bututun gas ya daɗe da isa Ajaokuta, tashar lantarki ta Geregu da ke gefensa da shi take aiki. Babban bututun nan mai kilomita 614 da aka fara a 2020 don kai gas Kaduna da Kano, daga Ajaokuta ya tashi, sunan garin ma shi ne farkon sunansa. Kunna tanderun kwal a irin wannan wuri daidai yake da mai rijiya a tsakar gida da ke aika yaro neman ɗan ga-ruwa. A ganina abin da ya dace a yi da Ajaokuta a fili yake: a riƙe fili da gidaje da layin dogo da injinan mulmula da ɗakunan ƙira, duk abin da binciken injiniyoyi ya nuna yana da sauran rai, a kafa hasumiyar gas da tukwanen lantarki, dogon tanderun kuma a haƙura da shi.

Na san za a ce kuɗin da aka binne fa? Kuɗin da aka binne ya tafi; tambayar ita ce ina za a sa na gaba. Za a ce Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, waɗanda suka ƙona kwal shekara 300 su ne za su hana mu? Gaskiya ne, kuma ni ba don a faranta wa Turai nake magana ba. Indiya na gina dogayen tanderu a yanzu haka, ba ta nemi izinin kowa ba, amma mafi yawan kwal ɗin da take gasawa sayowa take yi, kuma ita ba ta da gas irin namu. Hujjata ta aljihu ce kafin ta zama ta yanayi. Sai dai yanayin ma ya shigo kasuwa: daga Janairun 2026 Tarayyar Turai ta fara ɗora wa ƙarfe da siminti da takin da ke shiga ƙasashenta kuɗi gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen yin su. Yau ba mu sayar musu da rodi, amma masana'antar ƙarfe ta shekara 40 ake ginawa, kuma bankunan da za a je wa neman rance suna duba wannan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tama. Ta Itakpe ƙarfen cikinta wajen kashi 36 ne kacal, ta Agbaja kuma fosfaras ya yi mata yawa. Wannan aiki ne na gaske, ba a tsallake shi da jawabi. Amma tun asali an tsara injinan Itakpe su tace tama zuwa kashi 63 ko 64 don Ajaokuta, su kuma ƙara tacewa zuwa 67 ko 68 don Aladja. Injiniyoyin wancan zamani sun riga sun hango. Kuɗin farko Itakpe ya kamata ya tafi, domin duk hanyar da aka zaɓa daga can take farawa. Gas ɗin ma sai an toshe yoyon bututu, don wanda ya tsere sama ɗanye ya fi hayaƙin kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba.

Haidurojin zalla kuwa kada wani ya ruɗe mu da ita yanzu. Rana muna da ita daga Sakkwato zuwa Agadas, ranar da farashin injinan raba ruwa ya sauko za ta yi mana amfani. Amma ƙasar da ba ta iya ba asibiti wutar awa 24 ba, ba ta da megawat 400 na kyauta. Duk wanda ya zo da takardar fahimtar juna kan ƙarfen haidurojin, a fara tambayarsa ina tashar wutarsa.

A halin da ake ciki, ƙarfe mafi ƙarancin hayaƙi a ƙasar nan 'yan gwangwan ne ke samar da shi. Yaron da ke tura baro lungu-lungu yana sayen tsohuwar tukunya da mataccen janareta, shi ne mahaƙar da ke ciyar da masana'antun Ikorodu da Ogijo. Narka tsohon ƙarfe da lantarki hayaƙinsa bai fi tan 0.7 ba. Sai dai ba zai ishe mu ba. Matsakaicin ɗan Adam a duniya na amfani da ƙarfe fiye da kilo 200 a shekara, na Afirka bai kai kilo 40 ba. Wanda bai tara sabo ba ina zai sami tsoho? Ƙarancin ne ma ya sa ɓata-gari ke kwance layin dogo da murfin kwalbati. Ministan ƙarafa da bakinsa ya ce ƙasar na kashe wajen dala biliyan 4 a shekara wajen shigo da ƙarfe. Dole mu koma ga tama.

Saboda haka kirana ga 'yan majalisar da ke kwamitocin ƙarafa, da gwamnonin Kogi da Delta da Katsina da Filato, da ƙungiyar injiniyoyi: kafin a amince da ko sisin kwabo don kunna tanderun Ajaokuta, a kawo lissafi biyu a baje a gaban jama'a, na kwal da na gas, tan da tan, dala da dala, har shekara 20. A faɗa mana daga wace ƙasa kwal ɗin zai zo, wa zai biya, da kuma abin da zai faru ranar da jirgi bai iso ba. In amsar ita ce daga ƙetare, kada ku sa hannu.